Sanyin Da Na Ce Babu

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin akawu a Jos, kuma babu wanda ya taɓa zama da ni na awa ɗaya bai ji labarin Kibiya ba. A Kibiya aka haife ni, nan na yi firamare, daga nan na tafi neman aiki ina saurayi. Idan sanyin Jos ya matsa, muka taru a bakin ofis da safe kowa ya cusa hannu a hammata, sai in fara. In ce a garinmu yanzu haka mutane na kwance a tsakar gida da 'yar shara. In ce mu kudancin Kano ne, kafin sanyi ya iso wurinmu ya riga ya gaji. Abokan aiki su yi dariya, ni ma in yi. Tun ina faɗa da wasa har na zo na yarda da maganata.

Gaskiyar ita ce hutuna na shekara kullum a damina yake faɗowa ko a bazara. Rabona da kwana a Kibiya cikin hunturu tun ina ɗan shekara goma sha tara, lokacin da mutum bai san bambancin tabarma da katifa ba.

Wanda ya fi kowa sauraron wannan labari nawa shi ne direban ofishinmu. Ya girme ni da shekara huɗu, ya sauke farali tun muna matasa, don haka kowa Alhaji yake ce masa. Shi kuma Akawu yake kirana har yau. A Jos aka haife shi. Haƙar kuza ce ta kai mahaifinsa can, ya rasu bai taɓa nuna wa 'ya'yansa garin da ya fito ba. Shi ya sa idan ana hirar ritaya, kowa na faɗin garin da zai koma, Alhaji shiru yake yi. Matarsa Hajiya mace ce mai ƙaramin jiki da sanyin murya, tana fama da ciwon ƙirji, duk hunturu sai ta kwanta. Sana'arta saƙa ce. Suwaita, hular sanyi, safar jarirai, rabin unguwarsu aikin hannunta suke sawa. Ni ma ta saƙa mini wata suwaita ruwan toka mai ratsin kore a bakin hannu, shekarar da aka ƙara mini girma.

Na riga Alhaji ajiye aiki. Na dawo Kibiya a shekarun da farar hula suka karɓi mulki, ko'ina ka zauna maganar shari'a ake yi, a rediyo da majalisar ƙofar gida. Hunturu biyu na farko sun zo da sauƙi. Duk da haka akwai safiyar da na sa suwaita, akwai kuma makonnin da matata ta ciro barguna daga akwati muka rufa. Na san da wannan sarai, ban dai ɗauke shi abin ba da labari ba.

A shekara ta uku Alhaji ya zo mini da kansa. Ya ajiye aiki shi ma. Ya ce garin ya daina zama irin wanda muka sani, maƙwabcin da kuka girma tare sai ka ga yana kallonka wani iri. Ga ƙirjin Hajiya, bara sai da aka kwantar da ita. 'Ya'yansu duk sun watse wuraren aiki da aure.

"Akawu, garin nan naku yana karɓar baƙo kuwa?" ya tambaye ni, yana wasa da makullin mota a hannunsa ko da yake ba shi da mota a lokacin.

Na ce masa ba baƙo ba ne shi. Ina da fili na gado a Nariya, ba nisa da Kibiya, a gefen fadama. Na ba shi kyauta. Ya sayar da gidansa na Jos, ya bar mini kula da ginin, don ni ne ɗan gari.

Maginin da na ɗauko dattijo ne, ya gina rabin sorayen Nariya. Ranar da muka je auna wuri ya tsaya ya daɗe yana kallon fadamar, sannan ya ce, "Malam, nan kwari ne. Sanyi a nan yake kwana. Ka bari mu matsa kan tudu, mu juya ƙofa yamma. Tagogin nan da ka zana ma a rage su."

Ni kuwa so nake Hajiya ta buɗe taga da safe ta ga koren albasa da tumatir, iska ta ratsa ɗakin. Zafi nake yi musu tanadi.

Na ce, "Baba, daga Jos fa na dawo. Abin da kuke ce wa sanyi a nan, can ko yaro ba a sa wa hula saboda shi."

"To aƙalla a sa silin. Kwano tsirara ba ya riƙe ɗumi."

"Za a sa daga baya."

Ya gina abin da na ce: bulo da siminti, rufin kwano, manyan tagogi biyu suna kallon gabas.

Da gini ya ƙare na tafi Jos na taya su kwashe kaya. Motar kayan da aka ɗauko ta cika tun ba a gama ba, direbanta ya ce sai an rage. Na duba abin da ya saura a tsakar gida, na nuna wani babban ƙunshi. Barguna ne a ciki, da suwaitoci, da kaskon gawayi guda biyu a gefe.

"Ga abin ragewa nan," na ce.

Hajiya ta dube ni. "Malam Akawu, ko ɗaya ba zan riƙe ba?"

"Hajiya, in kika kai bargo Kibiya dariya za a yi miki. Sai dai ki riƙa shanya barkono a kai."

Maƙwabtan da suka zo sallama suka yi dariya, Alhaji ma ya yi. Ita ba ta yi ba. Tana riƙe da wani jan bargo mai kauri, ta ce, "Ku da za ku tafi, a nan kuka bar naku?"

"Tuni," na ce.

Kalma ɗaya ce, kuma ban yi shirin faɗinta ba. Mutane na tsaye, na riga na cika baki, sai ta fito. Hajiya ta miƙa wa wata maƙwabciyarta jan bargon, sauran kayan ma aka rarraba su a nan take. Zarenta na saƙa da kwarashi ma ta bar wa wata mata, tunda na ce babu mai sayen suwaita a inda za ta.

Sun tare bayan kaka, an gama yankan dawa. Mutanen Nariya suka karɓe su hannu bibbiyu, wannan ya kawo gero, wancan wake. Gidan da ya fi kusa da su na wasu Fulani ne da suka daɗe da zama suna noma da kiwo. Akwai wata tsohuwa a gidan da kowa ke ce wa Inna, ita ta fara kawo wa Hajiya nono a ƙwarya. Makonni uku na farko Hajiya ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Alhaji ya faɗa mini haka a gaban mutane, idonsa na ƙyalli. Ni kuma na riƙa yawo kamar ni na tsara yanayin.

Sai sanyin ya sauko. Rana ɗaya aka wayi gari da wata iska daga arewa maso gabas mai shiga har ƙashi, kuma ba ta tsaya ba. Ruwan randa ya zama abin tsoro, in ka kurɓa sai haƙoranka su amsa. Manja ya daskare a kwalba, sai an kanga shi a wuta. 'Yan tsaki suka yi ta mutuwa a akurki. Sahun Asuba a masallacin unguwarmu ya koma mutum biyar ko shida, liman ma gajerun surori ya koma ja. Tsofaffi suka ce rabonsu da irin wannan muku-muku tun suna yara. Manoman alkama ne kaɗai ke murmushi, don su sanyi riba ne.

A kwana na biyu na hau babur na tafi Nariya da hantsi. Na sa suwaitar nan ruwan toka daga ciki, na ɗora kaftani da babbar riga, na ja hannun rigar ya rufe ta ruf.

Na same su a bayan ɗaki, sun jingina da bango suna neman rana. Alhaji ya sa riguna uku, ɗaya kan ɗaya. Hajiya ta cire labulen ƙofa ta naɗe jikinta da shi, ta rufe gwiwoyinta da sallaya. Da na leƙa ɗakin sai na ji ya fi waje sanyi. Simintin ƙasa kamar an zuba masa ruwa, raɓa na ɗiga daga kwano, tagogin nan da na yi taƙama da su an toshe su da buhu da kwali, iska na kaɗa buhun.

"Akawu, wannan fa?" in ji Alhaji. Da murmushi ya faɗa.

"Baƙo ne. Kwana uku zai yi ya wuce."

"To, Allah ya sa."

Hajiya ta yi tari, ta dube ni daga cikin labulen ta ce, "Ku kun saba da abinku. Ga shi ko rawar ɗari ba ka yi."

Na ce haka ne. Ban daɗe ba na ce ina da uzuri, na hau babur. Duk tsawon zaman hannuna na dama yana riƙe da bakin hannun riga na hagu.

Da na koma gida na ba matata labari, ta ajiye muciyar da ke hannunta.

"Bargo uku muke da shi. Ka kai musu biyu yanzu."

"Ba zai yiwu ba."

"Saboda me?"

"Na ce musu mun bar namu a Jos."

Ba wai zan iya cewa sababbi na saya ba. Tare da Alhaji muka sayi bargunan a shago ɗaya, rana ɗaya, irin nasu ne sak har launi. Matata ta daɗe tana kallona.

"To, Malam, sai ka je ka ce ba gaskiya ka faɗa ba."

"Zan saya musu wasu ranar kasuwa."

"Kasuwa sai nan da kwana biyar. Kafin nan kunyarka za su lulluɓa da ita?"

Ta ce in ba zan iya ba ita za ta kai da kanta. Na hana ta. Na ɗaga murya, abin da ba na yi. Sai ta ɗauko barguna biyun ta ɗaure su da igiya ta ajiye a zaure, inda dole in tsallake su duk lokacin da zan fita ko zan shigo. Mu biyu muka koma rufa da guda ɗaya.

Washegari na je Rano neman bargo. Masu shaguna suka ce sun ƙare, ana jiran kaya daga Kano. Da na so, da na shiga motar Kano a tasha na dawo kafin La'asar. Sai na ce wa kaina ai gobe sanyin zai karye, kwana ukun da na faɗa sun kusa cika. Kwana uku suka cika, sanyi ya ƙaru. Daga nan kuma sai zuwa Nariya ya gagare ni. Kullum in tashi da niyya, in tuna fuskar Hajiya a cikin labule, in nemi wani abin yi. Na gyara katangar makewayi da ba ta lalace ba. Na je gaisuwar mutuwar da ba ta kama ni ba. Kwana biyar ban taka garin ba.

Ranar kasuwar Kibiya ma sai da na jira rana ta yi zafi sannan na fita. Kafin in isa wurin 'yan gwanjo an kwashe komai, tun da sassafe mutanen ƙauyuka suka yi musu rubdugu. Ina tsaye ina jujjuya wasu labulaye sai na ji an ce, "Akawu."

Alhaji ne. Leɓɓansa sun tsattsage, idonsa ya faɗa. A hammatarsa akwai wani ɗan bargo na jarirai mai hoton agwagwa, shi kaɗai ya samu. Muka gaisa. Na fara kame-kamen cewa abubuwa ne suka yi mini yawa, sai aka kira Azahar a masallacin kasuwa. Ya ce mu je.

Na yi tunanin in ce ina da alwala. Kafin in buɗe baki ya riga ya cika buta biyu ya miƙo mini ɗaya. Muka tsuguna gefe da gefe. Na wanke tafin hannu, na kurkure baki, na wanke fuska, ina jan lokaci. Amma babu yadda mutum zai wanke hannu zuwa gwiwar hannu bai naɗe riga ba. Na tura hannun kaftanin sama, ratsin koren ya fito.

Alhaji ya dakata da butarsa. Ya dubi bakin hannun suwaitar, ya daɗe yana dubansa. Na jira ya yi faɗa, na ma so ya yi.

"Har yanzu bakin bai saki ba," ya ce. "Ta iya saƙa."

Ya ci gaba da alwalarsa. Ban san yadda na yi sallar nan ba. Da aka sallame muka fito, yana neman takalminsa ya ce, "Hajiya ba ta gida. Inna ta zo ta ɗauke ta shekaranjiya. Numfashin ne."

"Me ya sa ba ka aiko mini ba?"

"Na ga kwana biyu ba ka leƙo ba, na ce ko kai ma jikin ne."

Na bar babur a wurin wani mai shago da na sani, na ɗauki shatar mota a tasha. Muka biya gida. Matata ta yafa mayafinta ta ɗauki ƙunshin nan daga zaure ta shiga mota.

Ɗakin Inna na ƙasa ne, gajere, mai rufin ciyawa, ƙofarsa sai ka sunkuya. Taga babu sai wata 'yar kafa a sama. Daga bakin ƙofa na tsaya, amma ɗumin ɗakin har inda nake yana zuwa. A ciki akwai gadon ƙasa irin na mutanen da, mai rami a ƙarƙashi da ake zuba garwashi. A kansa Hajiya take kwance, an tokare bayanta da ƙunshin tufafi, numfashinta na fita da ƙara kamar ana jan zarto. Matata ta shiga ta kwance igiyar ta shimfiɗa mata bargon. Na ga Hajiya ta sa yatsa ta shafa gefensa.

"Irin namu ne," ta ce a hankali. Sai kuma ta ce, "Allah ya saka da alheri."

Inna ta fito ta same ni. Doguwa ce, siririya, ta tsufa amma ba ta ranƙwafa ba.

"Kai ne ka zaɓa musu wurin can?"

"Ni ne, Inna."

"Mu ko maruƙa ba ma ɗaurewa a wurin da ɗari." Ba da faɗa ta faɗa ba, kamar mai gaya mini hanyar rijiya. "Na ba ta kunun kanwa, na gasa mata ƙirji da man shanu. Abin ya wuce nan. Ku kai ta wurin likita tun rana ba ta faɗi ba."

A motar nan muka kai ta asibiti a Rano. Aka ce nimoniya ce, aka ba ta gado. Wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace mai saurin magana, tana ɗaura mata ruwa tana yi wa Alhaji faɗa.

"Baba, mace mai ciwon ƙirji, a wannan sanyin, ka ce kwana nawa ba ta da bargo? Ba ku san inda kuke zuwa ba ne?"

"Kuskurena ne, 'yata," in ji Alhaji.

Ina tsaye a bayansa da filas ɗin ruwan zafi a hannu. Taki ɗaya zan yi in ce ba nasa ba ne, nawa ne. Na dubi filas ɗin har matar ta gama ta tafi.

Kwana tara Hajiya ta yi a asibitin. Matata ce ta zauna da ita. Kwanaki ukun farko babu wanda ya san inda abin zai faɗa. Alhaji yakan zauna a kan benci a baranda da carbinsa, ni ina gefensa, sanye da kaftani kawai. Na cire suwaitar tun ranar kasuwa na kasa mayar da ita. Da ya lura ina karkarwa sai ya ce, "Ka sa rigarka, Akawu. Kada mu koma jinyar mutum biyu." Washegari na sa ta, a waje wannan karon.

A kwana na shida ta iya zama ta sha kunu da hannunta. Alhaji ya fita sayo lemo, matata ta tafi wanke kwano. Na ja kujera na zauna daga nesa kaɗan.

"Hajiya, ranar nan a Jos da kika tambaye ni bargunanmu, ƙarya na yi miki."

"Na sani," ta ce.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar. Shekara nawa muna tare da matarka? Ba mai barin bargo a baya ba ce."

"To me ya sa kika ba da naki?"

Ta ajiye kofin, ta huta, don magana mai tsawo na wahalar da ita.

"Ba ka ga fuskar Alhaji ba ranar? Tunda na aure shi ban taɓa jin ya ce za mu gida ba sai a makon nan. Kowa ya gani sai ya ce masa, za mu gida. Ban so in zama ni ce mai kawo shakka." Ta sake hutawa. "Bargo ba komai ba ne, Malam Akawu. Sanyi kuma na Allah ne, ba kai ka aiko shi ba. Abin da ya dame ni kwanakin da ba ka zo ba. Kullum da hantsi sai Alhaji ya fita bakin hanya ya tsaya. In ya ji ƙarar babur ya ce ga Akawu nan."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, ta ce in miƙo mata ruwa. Na miƙa mata, na fita baranda na tsaya ina kallon motocin da ke wucewa har Alhaji ya dawo.

Ranar da za a sallame ta babban ɗansu ya iso daga Legas, inda yake aiki. Tun yana rarrafe na san shi, a ofishinmu ya koyi buga tafireta. Kafin ya zo asibiti ya biya Nariya ya ga gidan, kuma mutane sun ba shi labari. Ya gaishe ni gaisuwar da ba ta wuce kalma biyu ba, bai dube ni ba. A gabana ya ce wa mahaifinsa su haɗa kaya, zai tafi da su, can babu sanyi, kuma akwai masu kula da su.

Alhaji ya ce, "A'a."

"Baba, ka ga fa abin da ya faru."

"Na gani. Shekara sittin da wani abu ina baƙo a garin da aka haife ni. Ba zan je in fara wani baƙuncin ba. A nan wata tsohuwa da ba ta san mu ba ta ɗauki uwarka ta sa a gadonta, ita ta kwana a ƙasa. Nan zan zauna."

Ɗan ya juya ga mahaifiyarsa. Ta ce inda Alhaji yake nan take. Ya kwana biyu ya koma, bai zo mini sallama ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Sanyin ya yi kusan mako uku kafin ya sassauta. Hajiya ba ta koma gidan ba, a ɗakin Inna ta zauna har zafi ya shigo. A tsakanin nan na je na sami dattijon maginin, na tsuguna na ce ya zo ya gyara abin da na ɓata. Bai tuna mini da komai ba. Ya toshe taga ɗaya, ya rage ɗayar, aka sa silin, ya gina musu ƙaramin soro na ƙasa daga kan tudu don kwanan hunturu.

Hajiya ta ƙara shekara shida a duniya. Ta koma saƙarta, matan Nariya da Kibiya har layi suke yi mata in kaka ta wuce. Amma ƙirjin bai koma yadda yake ba, tafiya kaɗan sai ta tsaya ta dafa bango. Cikin bazara ta rasu, ana tsananin zafi. Ko wancan hunturun ya rage mata wani abu, ban taɓa tambayar likita ba, ban kuma tambayi Alhaji ba. Na san amsar da zai ba ni, cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma tambayar ba ta bar ni ba.

A wurin zaman makoki, rana ta uku, babban ɗan nan ya zo ya tsuguna a gabana. Furfura ta fara fito masa. Ya ce ya sake roƙon mahaifinsa ya bi shi, ya ƙi.

"A hannunka zan bar shi, Baba," ya ce.

Na ce to.

Yanzu Alhaji ya tsufa ƙwarai, kunnensa ya yi nauyi. Wata jikarsa da mijinta suna zaune tare da shi. Ina zuwa Nariya sau uku a mako, mu zauna a ƙofar gida mu kunna rediyo, shi ba ya ji sosai, ni nake maimaita masa labarai da ƙarfi. Maganar wancan hunturu bai taɓa tayar da ita ba, ko da wasa. Idan baƙo ya zo gaishe shi, ya tambaye shi yadda aka yi mutumin Jos ya zama ɗan Nariya, sai ya kama hannuna ya ɗaga ya ce, "Wannan bawan Allah ne ya kawo ni. Shi ya ba ni gida." Baƙon ya yi ta sa mini albarka, ni kuma in sunkuyar da kai in yi ta cewa amin har ya gama.